Tarihin Zen: Zubin Firosesar da Ya Karya Farashin Kwamfutar Tebur, Daga Austin Zuwa Sabo da Shasha

Ranar 2 ga Maris, 2017, kamfanin AMD na ƙasar Amurka ya fitar da sababbin firosesa uku na kwamfutar tebur: Ryzen 7 1800X da Ryzen 7 1700X da Ryzen 7 1700. Dukansu an gina su a kan zubi guda, wanda injiniyoyin kamfanin suka raɗa wa suna Zen, bayan sun shafe sama da shekara huɗu suna zana shi daga tushe. Kafin wannan rana kamfanin Intel ya yi shekara goma yana cin kasuwarsa babu abokin hamayya na kirki. Bayanta kuwa farashin ƙarfin lissafi ya karye, karyewar kuma ta biyo jiragen ruwa har ta iso shagunan Legas da Ibadan da Kano, ko da yake a makare.

Firosesa ita ce 'yar guntuwar silikon da ke zartar da umarni a cikin kwamfuta. Duk abin da aka ga na'ura tana yi, rubutu ne ko lissafi ko hoto, ƙananan umarni ne biliyoyi da firosesa take karɓa, ta fassara, ta aiwatar. Zubi shi ne tsarin da aka bi wajen jera taransistocin da ke cikinta: ta ina umarni zai shigo, a ina za a fassara shi, sassa nawa za su yi lissafi a lokaci guda, a ina za a ajiye bayanan da za a nema nan ba da jimawa ba. Kamfani yakan yi shekara huɗu ko biyar a kan zubi ɗaya, sannan ya yi ta fitar da samfura daga jikinsa. In zubin ya zo da aibi babu gyaran gaggawa, sai dai kamfani ya zauna da shi har wani ya nuna.

Wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Shasha ta Ibadan da asuba, lokacin da motocin tumatir da tattasai da albasa suka iso daga Arewa, ya riga ya ga abin da ake buƙata don gane saurin firosesa. Sauke mota ya rataya a kan yawan 'yan dako, kuma wannan shi ne yawan cibiyoyin aiki da ke cikin firosesa, kowace cibiya tana iya ɗaukar nata aikin. Ya rataya a kan saurin ƙafarsu, wato bugun agogon firosesa da ake aunawa da gigahaz, gigahaz ɗaya kuwa bugu biliyan ɗaya ne a daƙiƙa. Akwai kuma abin da ɗan dako yake ɗauka a kowane sawu, kwando ɗaya ne ko biyu, wanda a firosesa shi ne yawan umarnin da take kammalawa a kowane bugu. Sai nisan da ke tsakanin mota da rumfa: in bayanan suna cikin ma'ajiyar kusa da ke jikin firosesa, ana ɗauko su nan take, in kuwa sai an je RAM, babbar ma'ajiyar da ke wajen firosesa, to tafiya ta yi tsawo, cibiya ta tsaya jira. Masu talla sun fi ambaton yawan cibiyoyi da gigahaz, domin su ne masu sauƙin rubutawa a jikin kwali. Abin da ya kayar da AMD a 2011, kuma ya tashe shi a 2017, yana cikin sauran biyun ne.

Ibadan ta san kwamfuta tun kafin a ƙirƙiro firosesa. A 1963 kamfanin IBM ya kafa cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, aka kawo na'urar IBM 1620, wadda sashen lissafinta tarin alluna ne cike da taransistoci a cikin kabad na ƙarfe. Sai a watan Nuwamba 1971 Intel ya dunƙule wannan sashe gaba ɗaya a kan guntun silikon guda, aka kira shi 4004. Taransista 2,300 ne a cikinsa, kuma an yi shi ne don na'urar lissafi ta kamfanin Busicom na Japan. A 1978 Intel ya fitar da 8086, wadda daga gare ta aka samo harshen umarni na x86 da mafi yawan kwamfutocin tebur suke ji har yau.

Shigar AMD cikin wannan harka ta biyo ta hannun IBM. Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a watan Agusta 1981, da firosesa 8088 mai gudun megahaz 4.77, bai yarda ya dogara da mai kawo kaya ɗaya ba. Dole Intel ya ba wani kamfani izinin ƙera irin firosesarsa, kuma AMD, wanda Jerry Sanders da abokansa suka kafa a 1969, shi ya samu wannan izini. Zaman bai daɗe da daɗi ba. Da Intel ya ƙi ba da zanen firosesarsa ta 386, aka shiga kotu shekara da shekaru, sai a 1995 aka yi sulhu. AMD ya fita da 'yancin amfani da harshen x86, amma daga nan sai ya zana nasa zubin da kansa.

Ya kuwa zana, har ya taɓa wuce ubangidansa. Athlon ta fito a 1999, kuma a watan Maris 2000 ita ce firosesar tebur ta farko da ta kai gigahaz ɗaya. A 2003 AMD ya faɗaɗa harshen x86 zuwa bit 64 a cikin Opteron da Athlon 64, ta yadda tsofaffin manhajoji suka ci gaba da aiki. Intel, wanda ya zuba dukiya a kan wani sabon harshe na Itanium, ya dawo ya ɗauki tsarin AMD a 2004. A wannan zamani Intel yana fama da Pentium 4, zubin da aka gina a kan saurin ƙafa kaɗai. An yi ta ƙara gigahaz har 3.8, sai zafi da cin wuta suka tare hanya, aka soke shirin kaiwa 4. Daga nan masana'antar gaba ɗaya ta juya ga ƙara yawan cibiyoyi, kuma a 2005 kamfanonin biyu suka fitar da firosesa mai cibiya biyu.

A watan Yuli 2006 Intel ya fitar da Core 2 Duo, wadda tushenta ya fito daga aikin injiniyoyinsa na Haifa a kan firosesar laftof mai tsimin wuta. Ta fi Athlon 64 sauri, ta kuma fi ta sanyi. A shekarar ce AMD ya sayi ATI, kamfanin katin hoto na Kanada, a kan dala biliyan 5.4, bashi ya hau kansa. A 2009 ya rabu da masana'antunsa, suka zama kamfani mai zaman kansa, GlobalFoundries, da jarin Abu Dhabi. A ƙarshen shekarar Intel ya biya shi dala biliyan 1.25 don kashe ƙararrakin da AMD ya shigar kan danne kasuwa, amma kuɗin ba su sayo masa zubi mai kyau ba.

Zubin da AMD ya ɗora wa dukan fatansa shi ne Bulldozer, wanda ya fito ranar 12 ga Oktoba, 2011, da firosesa FX-8150. A jikin kwali an rubuta cibiya takwas. A ciki kuwa an haɗa su bibbiyu, kowane biyu suna raba sashen karɓar umarni da fassara shi, da sashen lissafin lambobi masu ɗigo, da ma'ajiyar kusa ta biyu. A harshen Shasha, 'yan dako takwas ne da baro huɗu, kowane biyu kuma dillali ɗaya ne ke miƙa musu kaya. Injiniyoyin sun yi lissafin cewa manhajoji za su koma raba aiki gida-gida, kuma bugun agogo zai yi sama ya cike giɓin. Duka biyun ba su zo yadda aka so ba. A aikin da cibiya ɗaya ke yi, FX-8150 ta kasa kamo Core i5-2500K ta Intel mai cibiya huɗu, wadda ta fi ta araha, a wasu gwaje-gwajen ma tsohuwar Phenom II ta gidansu ta wuce ta. Wuta kuwa wat 125 aka rubuta mata. A 2013 kamfanin ya matsa wa zubin har gigahaz 5 a FX-9590, ya rubuta mata wat 220. Masu saye a Kalifoniya sun kai ƙara cewa an yaudare su da batun cibiya takwas, kuma a 2019 AMD ya amince ya biya dala miliyan 12.1 aka rufe maganar.

Rashin abokin hamayya ya bar alama a kayan Intel. Tun daga zuriyar Sandy Bridge ta watan Janairu 2011 har zuwa Core i7-7700K ta Janairu 2017, babbar firosesarsa ta talakawan masu saye ba ta wuce cibiya huɗu ba, farashinta kuma yana tsaye a dala ɗari uku da 'yan kai. Kowace shekara ana samun ƙarin sauri kaɗan. Mai son cibiya takwas sai ya hau wani dandali na daban, inda farashin Core i7-6900K mai cibiya takwas ya haura dala dubu.

AMD kuwa ya kusa durƙushewa. A 2013 ya sayar da harabarsa ta Austin a jihar Texas, ya koma ɗan haya a cikinta. A 2015 ya yi asarar dala miliyan 660, cinikinsa bai cika dala biliyan 4 ba, alhali na Intel ya haura biliyan 55, hannun jarinsa kuma ya faɗo ƙasa da dala 2. Abin da ya riƙe shi shi ne kwangilar na'urorin wasa, domin PlayStation 4 da Xbox One na 2013 duk da guntun AMD suka fito. A cikin wannan hali aka fara aikin Zen. Jim Keller, wanda ya yi aiki a kan Athlon kafin ya je ya taimaka wajen zana firosesar wayoyin Apple, ya dawo a watan Agusta 2012 ya jagoranci sashen. Mike Clark ne babban mai zanen cibiyar, shi ne kuma ya zaɓi sunan. Lisa Su, injiniya haifaffiyar Taiwan da ta yi digirin digirgir a MIT, ta zama shugabar kamfanin a watan Oktoba 2014, ta kuma tattara abin da ya rage na kuɗin bincike ta zuba a wannan aiki. A watan Mayu 2015 aka shaida wa masu hannun jari cewa Zen zai ƙara kashi 40 cikin ɗari a kan abin da zubin baya yake kammalawa a kowane bugu. Kaɗan ne suka gaskata, ganin an saba da ƙarin da bai kai kashi goma ba. Keller ya bar kamfanin a watan Satumba 2015, zanen ya riga ya kammala, saura ƙira.

Abin da aka yi a Zen, a taƙaice, shi ne mayar wa kowane ɗan dako baronsa. Kowace cibiya ta samu nata sashen fassara umarni da nata sashen lissafin lambobi masu ɗigo. An ƙara mata wata 'yar ma'ajiya ta umarnin da aka riga aka fassara, don kada a maimaita fassarar abin da ake yi sau dubu a jere. An gyara sashen da ke hasashen inda manhaja za ta nufa a gaba, domin duk hasashen da ya kuskure, aikin da aka fara zubar da shi ake yi. An ba kowace cibiya ma'ajiyar kusa mai kilobait 512. Sannan, a karon farko a tarihin AMD, aka ba cibiya ɗaya ikon riƙe layin aiki biyu, ta yadda in layi ɗaya ya tsaya jiran bayanai, sai ta juya ga ɗayan maimakon ta zauna hannu rabbana. Shi ya sa firosesa mai cibiya takwas take bayyana wa Windows da layi goma sha shida.

An jera cibiyoyin ne hurhuɗu, kowane rukuni da ma'ajiyarsa ta megabait 8, sannan aka haɗa rukuni biyu da wata hanya da aka kira Infinity Fabric. Guntun gaba ɗaya yana ɗauke da taransista biliyan 4.8, kuma GlobalFoundries ne ya ƙera shi da fasahar nanomita 14 da ya karɓo daga Samsung. A nan dabarar kasuwanci take, wadda ta fi ta injiniyanci tasiri. Kamfanin da ba shi da kuɗin zana guntu daban-daban ya zana guda ɗaya tak. In ya sa ɗaya a kwali, Ryzen ce ta tebur. In ya haɗa biyu, Threadripper ce mai cibiya 16. In ya haɗa huɗu, EPYC ce ta manyan rumbunan bayanai mai cibiya 32. Guntun da ya fito da tabo a cibiya ɗaya ko biyu ba a zubar da shi, sai a kashe masu tabon a sayar da shi a matsayin mai cibiya shida ko huɗu.

An bayyana sunan Ryzen a Austin ranar 13 ga Disamba, 2016. A ƙarshen Fabrairu 2017, a San Francisco, Lisa Su ta sanar cewa ƙarin da aka samu ya kai kashi 52, ta kuma faɗi farashi: 1800X dala 499, 1700X dala 399, 1700 dala 329. Dukansu cibiya takwas, layi goma sha shida. Babbarsu tana gudu daga gigahaz 3.6 zuwa 4.0 a kan wat 95, ƙaramarsu kuwa wat 65 kawai.

Da kayan suka isa hannun masu gwaji masu zaman kansu, sakamakon ya rabu gida biyu. A ayyukan da ke rabuwa tsakanin cibiyoyi, kamar tace bidiyo da fitar da zane mai fuska uku da matse manyan fayiloli, 1800X ta yi kafaɗa da kafaɗa da 6900K, a wasu wuraren ta wuce ta, alhali kuɗinta bai kai rabi ba. A gwajin Cinebench R15 da kamfanin ya nuna, ratar ta kai kimanin kashi 9. Ryzen 7 1700 kuwa, a farashin da Intel yake sayar da cibiya huɗu, ta ba da takwas. A irin wannan aiki sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A wasannin kwamfuta labarin ya bambanta. Mafi yawansu a lokacin cibiya kaɗan suke amfani da su, kuma ba sa haƙuri da jinkiri. Core i7-7700K, mai kaiwa gigahaz 4.5, ta ci gaba da riƙe kambunta. Dalilan a bayyane suke. Fasahar nanomita 14 ta GlobalFoundries ba ta barin Zen ya wuce gigahaz 4 da yawa, ko an matsa masa. Kuma idan cibiyar da ke rukuni ɗaya tana neman bayanan da ke ma'ajiyar ɗaya rukunin, sai ta bi ta Infinity Fabric, kamar ɗan dakon da zai ratsa lungu ya kai kaya wata rumfa. Saurin wannan hanya a ɗaure yake da saurin RAM, shi ya sa RAM mai sauri take ƙara wa Ryzen kuzari fiye da yadda take yi wa Intel. A makonnin farko kuwa RAM ɗin ce babbar matsala, domin manyan alluna da yawa, waɗanda masu gyara ke kira madabod, sun ƙi karɓar ta a cikakken gudunta, su kansu allunan sun yi ƙaranci a kasuwa. Sai da aka yi watanni ana sabunta BIOS, wato manhajar da ke tashin allo, kafin lamarin ya daidaita. A watan Agusta kamfanin ya amince cewa wasu daga cikin firosesan farko suna tuntuɓe idan aka ɗora musu aikin harhaɗa manhaja mai nauyi a Linux, ya musanya wa masu su.

Hukuncin da ya dace da Zen na farko shi ne cewa bai zama mafi sauri a komai ba, amma ya kusa sosai, a rabin kuɗi. Ranar 11 ga Afrilu aka fitar da Ryzen 5, ciki har da 1600 mai cibiya shida a dala 219, kuma ita ce ta fi shiga gidajen mutane. Martanin Intel ya nuna girman abin da ya faru. A watan Oktoba 2017 ya fitar da Core i7-8700K mai cibiya shida, bayan shekara guda kuma Core i9-9900K mai takwas. Abin da ya tsaya cik shekara shida ya ninka cikin shekara biyu.

A Najeriya wannan labari ya zo a mummunan lokaci, kuma babu inda ya fi Sabo dacewa a karanta dalilin. An kafa unguwar a Ibadan a 1916 don Hausawa, ta bunƙasa a kan fataucin goro da shanu, inda masu gida ke saukar da baƙi, su tsaya musu, a yi ciniki a kan amana. Abner Cohen ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan wannan tsari, wanda ya fito a 1969. A yau an fi sanin Sabo da canji, kuma duk kayan da ake sayowa da dala, farashinsu na gaskiya a bakin 'yan canji yake. A watan Yuni 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki naira daga 197 a kan dala, ƙasar kuma ta shiga karayar tattalin arziki. A watan Fabrairu 2017, daidai lokacin da ake sanar da farashin Ryzen, dala ta taɓa naira 520 a hannun 'yan canji kafin ta fara saukowa. Ko da an yi lissafi a kan 450, firosesar dala 499 ta haura naira 224,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. Albashin shekara guda ke nan da ɗoriya, ba a sayi allo ba, ba a sayi RAM ba.

Akwai kuma wani cikas. Ryzen ta farko ba ta da sashen hoto a cikinta, dole sai an haɗa mata katin hoto na daban, a shekarar da masu haƙar kuɗin kirifto suka tsauwala farashin katunan. Firosesar Intel ta talakawa kuwa da nata sashen hoton take zuwa. Sai a watan Fabrairu 2018 AMD ya fitar da Ryzen 3 2200G a dala 99 da Ryzen 5 2400G a dala 169, masu hoto a ciki, kuma irin waɗannan ne suka dace da aljihun mai shago.

Ko ba wannan, kasuwar kwamfutar tebur a Najeriya ba ta sababbin kwalaye ba ce. Mafi yawanta tokumbo ne, kwamfutocin HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka yi shekara uku zuwa biyar suna amfani da su, aka loda a kwantena, aka sauke a Apapa ko Tin Can, aka baje a Computer Village ta Ikeja, daga nan suka hau hanyar Ibadan da ta Kano. Tun da ofisoshin can sun yi shekara goma suna sayen Intel, abin da ya iso nan Intel ne. Har sunan Core i5 ya zama ma'aunin nagarta a bakin mai saye, yana tambayarsa kamar yadda ake tambayar albasar Sakkwato, sau da yawa ba tare da ya tambayi ta wace shekara ba ce. AMD kuwa ya bar sunan mai zafi tun zamanin Bulldozer da ƙananan laftof masu arha, sunan kuma ya daɗe bai goge ba. Waɗanda suka fara ganin amfanin Zen a aikace su ne masu aikin da ke cin cibiyoyi: masu zanen fosta da kalanda da katin biki a maɗaba'un Mokola, maƙwabciyar Sabo, da masu tace bidiyon biki da wa'azi, da editocin fim a Kano. A wurinsu bidiyon da ya fita cikin rabin lokaci yana nufin aiki biyu kafin a ɗauke wuta.

Wutar ma ma'auni ce da masu gwajin ƙasashen waje ba su cika ba ta muhimmanci ba. Tsakanin firosesar wat 125 da ta wat 65 akwai wat 60. A gida ɗaya ba wani abu ba ne. A zaure mai kwamfuta 250, irin na cibiyoyin jarrabawar JAMB da suka yawaita tun da aka koma rubuta ta a kwamfuta gaba ɗaya a 2015, bambancin zai iya kaiwa kilowat 15 idan na'urorin suna cikakken aiki, kuma janareta ne zai ɗauke shi. Ga mai sola da inbata, shi ne bambancin batirin da zai kai la'asar da wanda zai mutu da azahar. Firosesa mai ƙarancin zafi kuma ta fi jure ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilu 2024, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Zubin ya ci gaba da girma. A watan Agusta 2018 GlobalFoundries ya janye daga neman fasahar nanomita 7, AMD ya koma wurin TSMC na Taiwan, a daidai lokacin da Intel yake ta jinkiri a kan nanomita 10. Zen 2, wanda ya fito ranar 7 ga Yuli, 2019, ya raba firosesa zuwa ƙananan guntaye: cibiyoyi a kan guntu mai tsadar ƙira, sashen hulɗa da RAM a kan wani mai arha. Da haka aka samu cibiya 12 a dala 499, farashin da aka sayar da takwas shekara biyu kafin nan. PlayStation 5 da Xbox Series X na 2020 da wannan zubi suka fito. Zen 3, na ranar 5 ga Nuwamba, 2020, ya haɗe cibiya takwas a rukuni ɗaya da ma'ajiya guda ta megabait 32, ya rufe lungun nan da ya dame Zen na farko, ya ƙara kashi 19 a kowane bugu, ya karɓe kambun wasanni daga Intel. A nan ne kuma AMD ya ɗaga farashinsa, abin da ya nuna cewa arahar 2017 ta mai neman shiga kasuwa ce. Intel ya dawo da ƙarfi da zubin Alder Lake a ƙarshen 2021. A 2022 darajar AMD a kasuwar hannun jari ta wuce ta Intel a karon farko, kuma Frontier, babbar kwamfutar Oak Ridge da ta zama ta ɗaya a duniya a shekarar, da EPYC aka gina ta. Zen 4 ya zo a watan Satumba 2022 da sabon mazauni, AM5, da RAM ta DDR5. Zen 5 ya biyo a watan Agusta 2024, masu gwaji kuma suka iske ƙarinsa a wasanni bai taka kara ya karya ba.

Ga mai saye a Ibadan, abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne mazaunin AM4, wato gurbin da firosesa ke zama a kan allo. AMD ya yi alkawarin riƙe shi har 2020, ya kuma wuce alkawarin: a 2022 ya buɗe wa allunan 2017 hanyar karɓar Ryzen 5000, a 2024 ma ya fitar da sababbin firosesa na wannan mazauni. Intel ya saba sauya allo bayan kowace zuriya biyu. A ƙasar da dala ta haura naira 1,500 a 2024, allon da zai karɓi firosesa ta zamani huɗu ba tare da an sauya RAM ba dukiya ce.

Sai dai Zen na farko ya zo ƙarshen zamaninsa ta wata ƙofa. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, ba ta sa Ryzen 1000 a jerin firosesan da take tallafawa ba, haka ma kusan duk na Intel da suka gabaci zuriya ta takwas, kuma Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafin Windows 10 na yau da kullum. Irin waɗannan na'urori ne ofisoshin waje suke sallamawa, su ne kuma suke cika kwantenonin tokumbo. Mai saye ya kamata ya kunna na'urar a gaban mai shago, ya karanta cikakkiyar lambar firosesa, domin sunan Core i5 ko Ryzen 5 shi kaɗai ba ya faɗin shekara, lambar ma takan ɓoye zubin, kamar Ryzen 3 3200G da aka gina a kan Zen+, gyararren Zen na 2018, duk da tana ɗauke da lambar 3000. Wanda kuma yake da allon AM4 tun 2017, ya fara duba ko kamfanin allon ya fitar da sabon BIOS kafin ya sayar da shi, domin Ryzen 5 5600 tana zama a wannan gurbi, kuma tana cikin jerin da Windows 11 take karɓa.